Manajan aiki ba sai ya fi kowa iya gini ba

Da yawa a nan Kebbi suna ɗauka gwanin sana'a ko mai yawan tsawa shi ya dace ya jagoranci aiki. Ba haka ba ne.

A ce ana gina ajujuwa a wani ƙauye kusa da Argungu. Manajan kirki ya san kankare na buƙatar kwana 28 kafin ya yi ƙwari sosai. Ya san hanyar fadama kan yanke a watan Agusta, shi ya sa tun da rani yake kai rodi da yashi. Kullum yana duba littafin kuɗi.

Ni abin da na fi dubawa shi ne sauraro. Idan birkila ya ce bulo bai bushe ba, zai ji, kuma ya sanar da mai aikin tun da wuri.