Masu waldar Gombe na da hannu, shaida ce ba su da ita

A jihar Washinton ta Amurka, inda nake zaune, kwalejojin koyon sana'a suna da wani tsari mai suna I-BEST, wanda a cikinsa malamai biyu suke shiga aji ɗaya: ɗaya yana koyar da walda, ɗayan yana koyar da Turanci da lissafin da waldar take bukata. Baƙon da ya zo daga Somaliya ko Meziko ba a ce masa ya je ya iya Turanci tukuna. Ranar da ya fara riƙe sandar walda, ranar yake fara koyon sunayen kayan aiki da karanta gargaɗin da ke jikin inji. Dokar horar da ma'aikata ta 2014 ta ƙarfafa irin wannan haɗin a faɗin ƙasar.

A ganina wannan shi ne abin da ya kamata Gombe da Bauchi su ɗauka, domin yaron da ya tashi a Jekadafari ko Bolari shi ma baƙo ne a wajen Turanci, alhali zanen aiki da takardar jarrabawa duk da Turanci suke zuwa.

Ba na raina horon gida ko kaɗan. Yaron shago yana shafe shekaru a gaban maigidansa, daga ɗauko ƙarfe da kankare tsatsa har ya kai ga haɗa ƙyaure da tankin ruwa da bodin mota, kuma sau da yawa da injin da aka naɗa wayarsa da hannu yake aiki, ga wutar lantarki da ba ta zama. Wanda ya iya fitar da layi mai kyau da irin wannan inji, hannunsa ya fi na ɗalibai da yawa da nake gani a nan. Kuɗin makaranta kuma babu, abin da baƙo a nan ba ya samu cikin sauƙi.

Inda aka bar mu a baya shi ne karatun sana'ar. Mai waldar gida ya san sanda da kaurinta, ya ce geji 10 ko geji 12, amma ba kowa ne zai faɗa maka abin da lambar 6013 ko 7018 da ke jikin sandar take nufi ba. A nan tun makonnin farko ake koya wa ɗalibi cewa lambobi biyun farko ƙarfin waldar suke nunawa, na uku yana nuna ko za a iya amfani da sandar a kwance da tsaye da bisa kai, kuma 7018 ba ta son laima, shi ya sa ake ajiye ta a akwati mai ɗumi. Wannan bayani ba ya bukatar digiri, malami zai iya yin sa da Hausa a gindin inuwar shago. Haka alamomin da ke kan zane, da bambancin inci da milimita.

Jarrabawar aikin hannu kanta ba ruwanta da harshe. Ɗalibi zai haɗa farantan ƙarfe biyu da walda, a yanko tsinke daga tsakiyar haɗin, a sa shi a inji a lanƙwasa har ya koma kamar ƙugiya. Idan tsagewar da ta bayyana ta wuce kimanin milimita 3, ya faɗi, ko da Turancinsa ya kai na alƙali. Mai neman aikin bututu kuwa sai ya ci gwajin da ake kira 6G, inda ake kafe bututun a karkace ba a juya shi, mai walda ne yake zagaya shi.

Akwai kuma batun ido, wanda yake damuna ƙwarai. A nan ba a barin ɗalibi ya kunna inji sai da hular walda da safar fata. A gida kuwa yaro ɗan shekara goma sha biyu yana walda da baƙin tabarau na kasuwa, ko ya kau da kai kawai, da dare ya kwana idonsa na zubar da hawaye kamar an zuba masa yashi, maigida ya ce zai saba.

Aikin kuma yana ƙofar gida. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ga bututun gas na kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, ga kamfanin siminti na Ashaka. Ɗan kwangila ba zai ɗauki mutum a irin waɗannan wurare don an ce ya iya ba, shaida zai nema. Muna da gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago, muna da hukumar jarrabawar sana'o'i da fasaha ta NABTEB da asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF, amma shiga difloma a kwalejin fasaha sai da kiredit a Turanci da lissafi, wanda yawancin yaran shago ba su da shi. Abin da nake roƙon gwamnatocin jihohin biyu shi ne su buɗe ajin yamma a kwalejojin fasaha da ke Bauchi da Gombe, a haɗa gogaggen maigida da malamin Turanci mai jin Hausa, a karɓi yaro bisa abin da hannunsa ya iya, a kuma biya masa kuɗin gwajin.