Kunne ne ya samu matsala, hankalina lafiya lau

Wai sau nawa zan ce wa mutum "Malam, ba na ji sosai, dube ni ka yi magana a hankali"? Tun da sanƙarau ya taɓa mini kunne nake wannan bayani, wallahi na gaji! A kasuwar Dole na faɗa wa mai tumatir, sai ya kwartsa ihun da har Birni an jiyo. Ɗan kabu-kabu ya ba ni ƙeya, iska na kaɗawa yana ta zuba, ban amsa ba wai girman kai. Wani ya naɗe baki da rawani, to leɓen wa zan karanta? Wata kuma ta tsallake ni ta tambayi ƙanena: "Me yake so?" Haba baiwar Allah, ba ga ni tsaye gabanki da bakina ba?