Likitan gaggawa da bai iya yaro ba, horonsa da saura

A yawancin asibitocin koyarwa na Najeriya ƙofofin gaggawa biyu ne. Manya da waɗanda suka yi hatsari su shiga ta ɗaya, yara masu zazzaɓi, gudawa da jijjiga su shiga ta ɗayar, inda likitocin yara ke riƙe da sashen. Tsarin yana amfanar yaran, sai dai yana barin giɓi a horon likitan da ke neman ƙwarewa a fannin gaggawa, domin yana iya shafe shekaru yana kwanan aiki bai taɓa riƙe jaririn da numfashinsa ya sarƙe ba. Ranar da aka tura shi asibitin da ƙofa ɗaya ce tak, uwa za ta kwance goyo ta miƙa masa, ba ruwanta da sashen da ya fito.

Fannin kansa sabo ne a nahiyar nan. Ghana ta fara horar da irin waɗannan likitoci a asibitin Komfo Anokye na Kumasi a 2009, Tanzaniya kuma a Muhimbili a 2010. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A Amurka an daɗe da gindaya cewa mai wannan horo ya yi wata 5 a kan yara, ko kuma yara su kai kashi 20 cikin 100 na marasa lafiyan da ya duba. A ganina ƙidayar wata kaɗai ba za ta fisshe mu ba, saboda cututtukan yara a Arewa da lokacinsu suke zuwa. Wanda aka tura sashen yara daga Janairu zuwa Maris zai ga sanƙarau, ƙyanda da limoniya, amma yaran da zazzaɓin cizon sauro ya ƙarar wa jini, waɗanda ke cika gadaje daga Agusta zuwa Oktoba, sun wuce shi. Gara a ba shi kwana ɗaya ko biyu kowane mako a sashen gaggawa na yara har ya gama horo, da a cusa masa komai a zama guda.

Abu na farko da za a koya masa shi ne lissafi, don maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. In akwai sikeli a ɗora yaron, ko da uwar ce za ta hau da shi a cire nauyinta. In babu, akwai dabarar tara shekaru da 4 a ninka sau 2: ɗan shekara 3 ya zama kilo 14. Amma yaron da tamowa ta kama yana iya gaza kilo 10, ka ga an zarce a kowace allura ke nan.

Ɗauki adirenalin, allurar farfaɗo da zuciya. Kwalbar da ke zuwa miligiram 1 ce a cikin mililita 1. Idan zuciya ta tsaya, ana haɗa mililita 1 ɗin da mililita 9 na ruwan allura, sannan a ba da mililita 0.1 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 10 zai samu mililita 1 na wanda aka sirka. Wanda ya zuƙo kai tsaye daga kwalba ya ninka adadin sau goma. Haka ruwan sikari: yaron da ya suma ko yake jijjiga a duba sikarinsa nan take, in ya yi ƙasa a ba shi mililita 5 ga kowane kilo na mai ƙarfin kashi 10. Sau da yawa mai kashi 50 ne ke cikin kabad, sai a haɗa kashi ɗaya da kashi huɗu na ruwan allura. Atesunet kuma, allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, miligiram 3 ne ga kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, ba 2.4 na manya ba. Waɗannan ba na hadda ba ne kawai. A manna jadawalinsu a bango, kuma nas ta maimaita adadin da ƙarfi kafin ta tura.

Inda ɗabi'ar sashen manya ta fi yin ɓarna shi ne ƙarin ruwa. Binciken FEAST da aka wallafa a 2011 ya bi yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda, Kenya da Tanzaniya. Cikin waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri, kimanin kashi 10.5 cikin 100 sun rasu cikin awa 48, waɗanda ba a ɗura wa ba kuma kashi 7.3. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce sai alamu uku sun haɗu: hannu da ƙafa sun yi sanyi, an danna farce jini bai dawo ba bayan daƙiƙa 3, bugun jijiya ya yi rauni da sauri. A nan ne za a ba da mililita 10 zuwa 20 ga kowane kilo cikin minti 30 zuwa 60, ana dubawa. Mai tamowa a bi shi a hankali fiye da haka, don zuciyarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar lodi. Wanda awon ƙarfin jininsa (himogulobin) ya yi ƙasa da 4, ƙarin jini yake buƙata. Wanda gudawa ta tsotse shi kuwa shi ne mai buƙatar ruwa da gaske. Rarrabe waɗannan yara huɗu a bakin gado shi ne ainihin darasin, kuma littafin da aka rubuta don asibitin da ke da injin numfashi a kowane gado ba zai koyar da shi ba.

Sai aikin hannu. Zuciyar yaro galibi numfashi ne ke fara yankewa kafin ta tsaya, don haka iya riƙe jakar hura iska har ƙirji ya ɗaga ya fi zura bututu a maƙogwaro muhimmanci. Jariri ba a lanƙwasa wuyansa baya sosai, hakan toshe hanyar iskar yake yi. Idan jijiya ta ɓuya, kada a ɓata rabin awa ana huda yaro, a sa allurar ƙashi a ƙwauri, santimita 1 zuwa 2 ƙasa da tudun da ke ƙarƙashin gwiwa. Mutum-mutumin roba ya isa a yi atisayen wannan kowane mako tare da nas-nas, tun da tare za su yi aikin.

Wasu likitocin yara za su ce a bar musu yaransu. Suna da hujja, domin su ne gwanayen fannin, kuma su ya kamata su koyar. Amma tsarin ETAT na tantance yara, wanda ya samo asali daga asibitin Queen Elizabeth na Blantyre a Malawi, an gina shi ne don duk ma'aikacin da ya fara cin karo da yaro, ba don ƙwararru kaɗai ba. Kwalejojin da ke ba da shaidar ƙwarewa su mai da shi wajibi tun shekarar farko, kuma jarrabawar ƙarshe ta ƙunshi tashar da za a ajiye wa ɗalibi mutum-mutumin yaro mai kilo 8, da sirinji, da kwalbar magani, a ce ya sirka ya auna a gaban masu jarrabawa.