Wanda aka turo aikin bishara Legas ba daula ya faɗa ba

Idan aka karanta sunayen ma'aikatan da aka yi wa canjin wuri a taron gunduma, aka ce Malam wane za shi wani ƙauye a bayan Ningi ko can gefen Zuru, sai mata su riƙe baki, dattawa su ce Allah ya ba da ƙarfi. In kuwa aka ce Legas, sai a hau yi masa barka, har da masu tsokanar matarsa wai ta zama 'yar birni. Mu da muke zaune a Ikko, wato Legas, mu ke ganin abin da ke biyo bayan wannan barkar, kuma a ganina ma'aunin da ake auna sadaukarwa da shi a gida ya karkace. An ɗauka jin daɗi shi ne lantarki da kwalta da asibiti. Ga mai bisharar da ya tashi a Arewa, jin daɗin da ya saba da shi gona ce da rumbu da mutanen da suka san ubansa, kuma su ne yake bari ranar da ya hau motar kurmi.

A duba wanda aka tura ƙauye. Wahalarsa a fili take: babu wuta, rijiya da nisa, in ciwo ya tashi da dare sai an nemo babur, ga matsalar tsaro a wurare da dama. Ba wanda zai raina wannan. Amma ɗaki yana jiransa ko da na jinka ne, ba ya biyan haya. Za a yanka masa gona, matasa su yi masa gayya. In kaka ta yi, baikon godiya da dawa da masara da wake yake zuwa, da kaza a ɗaure. Ko albashi ya yi wata uku bai iso ba, tukunya ba ta kwana a kife.

Na Legas kuwa tun daga ɗaki ake fara yi masa tarba. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, to amma shekarar nan a dunƙule ake biyanta kafin a miƙa makulli. A kanta akwai na dillali, wanda a ƙa'ida kashi 10 cikin 100 ne, da na rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya ko za a yi ɓarna. A ƙananan ɗakuna ba a ma bin ƙa'idar kashi goman, dillali abin da bakinsa ya faɗa shi ne. Ikilisiyar da ta yi kasafin haya zalla za ta tarar kuɗin sun ƙare ba a shiga ɗaki ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne kama gida da rani saboda araha. Unguwar da take fes a Janairu tana iya zama fadama a Yuni. Kafin a biya, a dubi gindin bango ko akwai layin da ruwa ya taɓa tsayawa, a ga ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo fiye da kima, a tambayi mai shagon kusa ba dillali ba. A tambayi kuma batun mita. Gidan da mutum goma ke raba mita ɗaya, faɗa ne duk ƙarshen wata, kuma ba ya yi wa fasto kyau a ji muryarsa a tsakar gida kan kuɗin wuta.

Sai ciki. Iyali mai mutum shida da ke cin tiya guda ta masara a rana, buhu mai tiya 40 kwana 40 zai yi musu, wato wajen buhu 9 a shekara. A gida wannan aikin damina ɗaya ne. A nan kowace ƙwaya saye ake yi, da bokitin fenti ko gwangwanin derika. Dabarar da ta fi ita ce ikilisiyar gida ta riƙa aiko da hatsi da kaka ta hannun direbobin da ke kawo kayan gwari kasuwar Mile 12. Sai dai iskar Legas da laima take, masarar da za ta shekara a rumbu a Kaltungo a nan wata biyu ta isa ta yi fumfuna ko ƙwari su mai da ita gari. A shanya ta ta bushe ƙarau tun a can, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki ko a jarka mai murfin da iska ba ta shiga, a ɗora kan katako, kada ta taɓa siminti ko bango. Daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa su ma a roba mai murfi. Wani zai ce me ya haɗa wa'azi da buhun masara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya fi ba sabon zuwa mamaki shi ne garken da zai yi kiwo. Masu sujada da Hausa a Legas daga harsuna da yawa suke: Ngas, Berom, Tangale, Bura, Margi, Zaar, Bajju, Gbagyi, da Hausawa Kirista na Kano da Katsina da Zariya. Hausa ce igiyar da ta ɗaure su, da Littafi Mai Tsarki da aka fara bugawa cikakke da Hausa a 1932. Akwai ma'aikatan gwamnati da sojoji da 'yan sanda a bariki, amma da yawa masu gadi ne, da 'yan aikin gida, da leburorin gini, da masu keke da acaɓa. Mai gadi ba shi da Lahadi sai in ya sami mai riƙe masa ƙofa. Yarinyar da ke aikin gida a Lekki wataƙila sau ɗaya a wata za a bar ta ta fito. Wanda ya zo da jadawalin gida, wato addu'ar asuba kullum, Zumuntar Mata Talata da Alhamis da la'asar, koyon waƙa da yamma, zai zauna shi da benci, ya fara zargin mutane da sanyin ruhaniya alhali ba su da laifi. Dole a juya tsarin: gajeriyar sujada da sassafe don masu saukowa daga gadin dare, taron addu'a unguwa-unguwa a ɗakin wani, karatun mako a aika da murya ta WhatsApp saboda ba kowa ke karatu ba.

Kalandar ma a juye take. A gida Kirsimeti ne majami'a ke cika har a shimfiɗa tabarmi a waje. A Legas daga tsakiyar Disamba ake watsewa, kowa ya nufi garinsu da ɗan abin da ya tara, ya dawo a Janairu aljihu wayam. Da ruwa ya sauka kuma 'yan ci-rani su koma gona. Baiko yana faɗuwa sau biyu a shekara ke nan, haya da kuɗin makaranta kuwa ba su san da wannan ba. Ƙari a kan haka, hana acaɓa da gwamnatin jihar ta yi a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, ta ƙara huɗu a Satumba, ya taɓa aljihun 'yan ikilisiya kai tsaye, sannan cire tallafin mai a Mayu 2023 ya ɗaga kuɗin mota. Mutumin da zai hau danfo (ƙaramar bas ɗin haya) biyu da matarsa da 'ya'ya uku, zuwa da dawowa, abin da zai sa a baiko direba ya riga ya karɓe.

Ziyara, wadda ita ce rabin aikin makiyayi, a ƙauye da ƙafa ake yinta, gida goma kafin azahar. A nan mai ciwo ɗaya a Ajah, mai jego a Agege, yini biyu ne. Wanda ya iya aikin yakan raba garin shiyya-shiyya, kowace rana gefe guda, ya fita kafin cunkoson safe, ya riƙe katin Cowry da ake biyan kuɗin manyan bas na BRT da shi, ya kuma naɗa dattijo ɗaya a kowace shiyya wanda zai fara isa kafin shi. Wurin sujadar ma sau da yawa ajin makaranta ne da ake haya ko shago. A bar kafa lasifika a waje irin ta gida, don hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, takan rufe wuraren ibada kan ƙara.

Akwai wani nauyi da ba a koyar da shi a makarantar tauhidi, wato gawa. Mutanenmu suna son a binne su a gida. Daga Legas zuwa Jos kusan kilomita 1,000 ne, zuwa Mubi ya fi haka nesa ba kusa ba. In ɗan ikilisiya ya rasu, ido kan fasto yake: takardar shaidar mutuwa daga asibiti, kuɗin ɗakin ajiye gawa da ke ƙaruwa kullum, allurar da za ta hana ta lalacewa, akwati, mota, da wanda zai raka. Mamacin kuma wataƙila mai gadi ne da ba wanda ya san lambar 'yan'uwansa. Ikilisiyar da ba ta da asusu na musamman don wannan, da littafin da aka rubuta sunan kowa da ƙauyensu da lambar mutum biyu na gida, ranar da abin ya faru kuɗin hayar fasto ake taɓawa.

Girma kuwa sai a bar shi a tasha. A gida shi ne Baba Fasto, mai unguwa ma yakan miƙe masa. A nan kwandasta zai ce masa aboki, mai gida ya ɗauka aikin gadi ya zo nema, wasu su yi mamaki wai akwai mai jin Hausa da ke zuwa coci. Ran da rikici ya tashi tsakanin 'yan gari da 'yan Arewa, irin na Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016, ba a tambayar mutum addininsa. Shi ya sa mai hankali ba ya raina gaisuwa wurin Sarkin Hausawan unguwarsa, da kuma shugabannin 'yan gari. Maƙwabcinsa Musulmi mai sayar da albasa, wanda suka fito jiha ɗaya, shi ne zai fara buga masa waya ya ce kada yara su fita yau.

Kiran mutum ɗaya aka yi, amma mutum shida ke biya. Mama Fasto da ta saba da tsakar gida da awakinta da kuɗin ƙuli-ƙulinta, yanzu tana ɗaki ɗaya, tana layin banɗaki da matan da ba ta jin harshensu. Yaran cikin shekara biyu sun kama Yarbanci, wanda dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da shi a makarantu, sun kama Turancin buroka, Hausa ta koma harshen da ake yi musu faɗa da shi. Wannan asara ce ta gaske, kuma ba ta gyaruwa sai an ware lokaci a makarantar Lahadi ana koya musu karatun Hausa. Ban ga dalilin da za a ɗora wa mutum hannu a turo shi ba tare da an zauna da matarsa ita kaɗai an ji ta bakinta ba.

Na san abin da wasu za su ce: wannan duk lissafin jiki ne, ina bangaskiya? Ai Ibrahim bai san inda za shi ba. Gaskiya ne, amma a karanta Farawa sura 12 har aya ta 5. Yana da shekara 75, ya tafi da Saratu da Lutu da dukiyar da suka tara da mutanen gidansa. Yakubu da Yohanna da suka bar jirgi, Markus ya ce sun bar mahaifinsu Zabadi tare da ma'aikata, ba su bar tsoho shi kaɗai da taru ba. Bulus a Koranti ɗinkin tanti ya yi. Ubangiji da kansa, a Luka 14, ya ce mai gina hasumiya ya fara zama ya ƙirga kuɗin. Tarihinmu ma ya ishe mu. A Disamba 1893 'yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a wannan Legas ɗin da nufin shiga ƙasar Sudan, wato yankin da ya haɗa da Arewarmu, ba Sudan ta yau ba. Cikin 1894 biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida, Bingham ya koma da ciwo. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902, kuma daga wannan aikin ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Ba wanda zai ce na farkon ba su da kira. Tanadi da sanin ƙasa ne suka yi ƙaranci. Yau jikokin waɗanda aka kai wa bishara su ne ke gangarowa ta hanyar da aka bi aka hau.

Wanda ya ji kiran, ya fara zuwa shi kaɗai ya yi wata biyu ko uku, zai fi kyau a damina, ya ga garin a mummunar fuskarsa. Ya zo da sana'ar da ba ta buƙatar fili, ɗinki ko aski ko gyaran waya ko koyarwa, uwargida kuma in tana da hannun masa da kunu akwai kasuwarsu. Kada ya ci bashin ɗan ikilisiya, kada ya riƙe adashinsu, don ranar da za a tsawata wa mutum ba ka iya kallon idon wanda yake binka. A rubuta a takarda wa ke biyan albashi, wa ke biyan asibiti, wa ke biyan motar zuwa gida sau ɗaya a shekara, ikilisiyar da ta aiko ko wadda ta karɓa. In an bar shi a baki, kowace za ta ce ɗayar ce.

Inda igiyar ta fi tsinkewa shi ne hayar shekara ta biyu. Ta farko da zafin murna ake tara ta, Zumuntar Mata ta kawo nata, matasa su kawo nasu. Wata goma na cika takardar mai gida za ta iso, sau da yawa da ƙari, a lokacin kuma a gida an shiga gina sabuwar majami'a an manta. A raba kuɗin hayar gida 12 tun watan farko, a ɗora wani abu a kai saboda ƙarin, a riƙa zubawa duk wata a asusu dabam wanda sai dattawa biyu sun sa hannu ake cirewa, kuma kada faston ya zama ɗaya daga cikinsu.