Gem ɗin da ka biya kuɗinsa, ciniki ne ko haya?

A ranar 31 ga Maris 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe saba, wato babbar kwamfutar intanet, da ke riƙe da The Crew, wani gem na tseren motoci da ya fito a ƙarshen 2014. Duk wanda ya kunna shi washegari ya tarar da ƙofa a garƙame. Har wanda bai damu da yin tsere da kowa ba, yana so ne ya yi tuƙinsa shi kaɗai a ɗakinsa, bai samu shiga ba, domin an gina gem ɗin ta yadda ba ya tashi sai ya gaisa da kwamfutocin kamfanin. Wanda ya saya a faifai kuwa, faifan nasa ko ƙwarya ba zai rufe masa ba. Bayan 'yan kwanaki kamfanin ya fara cire gem ɗin daga asusun mutanen da suka biya kuɗinsu cif.

Na daɗe ina juya wannan lamari, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunan da za a ba wannan mu'amala. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki ya san saye yana mayar da kaya mallakin mai saye. An rabu ke nan, mai sayarwa ba shi da ikon biyo ka gida ya karɓe. Haya kuma tana da nata sharaɗi, wato a san kuɗin, a san tsawon lokacin. To abin da ake yi wa masu buga gem a yau bai cika ko ɗaya ba. Maɓallin da ka danna an rubuta "saya" a kansa, amma doguwar yarjejeniyar da babu mai karantawa ta ce izinin amfani kawai aka ba ka, kuma ranar ƙarewar izinin tana aljihun kamfani. Da a Kantin Kwari wani ya sayar maka da shadda a kan cewa duk ranar da ya ga dama zai zo ya tuɓe maka ita, da ba a kai magariba ba an kai maganar gaban shugabannin kasuwa.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta lura da wannan wayo. A Satumba 2024 aka sa hannu a wata doka da ta hana shagunan intanet amfani da kalmar "saya" ba tare da sun fayyace wa mutum cewa lasisi ne yake biya ba. Cikin makonni Steam, babbar kasuwar gem ta kwamfuta, ta liƙa wannan sanarwa a wajen biyan kuɗi. An dai faɗi gaskiya, amma kayan yana nan a matsayin na aro.

Yanzu a dubi Doom, wani gem na harbi na kamfanin id Software. Ya fito a Disamba 1993, lokacin da masu buga gem na yau da dama ba a haife su ba. A Disamba 1997 kamfanin id Software, bisa ra'ayin babban injiniyansa John Carmack, ya saki rubutun asalin manhajar ga kowa, sannan a 1999 aka mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya yarje wa kowa ya karanta, ya gyara, ya raba, muddin shi ma zai bar gyaransa a buɗe. Tun daga nan gem ɗin ya ƙi mutuwa. Duk sabuwar na'urar da ta fito sai wani ya zauna ya koya masa tashi a kanta: waya, firinta, na'urar lissafi, har allon tarakta John Deere an nuna shi yana gudana a wani taron masu kutse a 2022. Abu biyu ne a labarin nan da ba a cika faɗa ba. Na farko, ba duka kamfanin ya bayar kyauta ba. Injin, wato manhajar da ke tafiyar da wasan, shi ya buɗe, amma zane-zane da matakan wasan suna nan mallakinsa, kuma har gobe ana sayar da Doom ana cin riba. Na biyu, akwai wani ɓangare na sauti da ba nasu ba ne, na wani kamfani ne suka biya lasisinsa, don haka suka cire shi kafin sakin. Masu sha'awa suka rubuta madadinsa.

Wannan na biyun shi ne amsata ga hujjar Ubisoft, wanda ya ce matsalar kayan saba da ta lasisi ce ta sa ya rufe The Crew. Hujjar ba ƙarya ba ce. Motocin da ke cikin gem irin wannan na kamfanoni ne na gaske, kiɗan na mawaƙa ne, kuma yarjejeniyarsu tana da wa'adi. Riƙe saba yana cin kuɗi da ma'aikata, kuma ba adalci ba ne a tilasta wa ɗan kasuwa ya yi ta asara har abada saboda mutum ɗari da suka rage. Sai dai ba wanda ya nemi haka. Gangamin Stop Killing Games da Ross Scott ya fara a Afrilu 2024, wanda ya tara sa hannun fiye da mutum miliyan 1 a ƙasashen Tarayyar Turai a 2025, abu ɗaya yake nema: idan za ka tafi, ka bar mana mabuɗi. Ko ka gyara gem ɗin ya yi aiki ba intanet, ko ka saki manhajar sabar jama'a su riƙe da kansu.

Kuma jama'a suna iyawa. Kamfanin NCsoft na Koriya ta Kudu ya rufe gem ɗinsa na intanet mai suna City of Heroes a Nuwamba 2012. A 2019 aka gano wasu sun shafe shekaru suna gudanar da shi a ɓoye, rubutun manhajar ya bazu, sabobin sa-kai suka tsiro. A Janairu 2024 kamfanin da kansa ya ba ɗaya daga cikinsu, Homecoming, izini a hukumance. Shekara goma sha ɗaya aka ɓata kafin a iso inda za a iya farawa tun ranar farko.

Wani zai ce ina ruwanmu da wasan yara, mu da muke fama da wuta da tsadar data. Ciwon ɗaya ne, ya riga ya taɓa mu ta wata ƙofa. Da gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter a Yuni 2021, har zuwa Janairu 2022, ita kanta ta koma wani dandali na Indiya mai suna Koo, mutane da yawa suka bi ta. A Yuli 2024 Koo ya rufe, ya tafi da duk abin da aka rubuta a kansa da duk mabiyan da aka tara. Mastodon, wani dandali irin Twitter wanda Eugen Rochko ya fara a Jamus a 2016, an gina shi ne don kauce wa irin wannan: dubban sabobi masu zaman kansu da ke magana da juna, kamar yadda mai Gmail yake aika wa mai Yahoo saƙo. Idan mai sabarka ya gaji, kana iya kwashe mabiyanka ka koma wata. Ba zan yi masa kirarin da bai kai ba. Tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa bin ka, sabobi da dama mutum ɗaya ne ke biyan kuɗinsu daga aljihunsa, kuma idan ya rufe dare ɗaya ba sanarwa, haka za ka tashi a tutar babu. Bambancin dai shi ne mutuwar gida ɗaya ba ta kashe gari.

A gidajen gem na unguwanninmu har yanzu akan ga tsohuwar PlayStation 2, na'urar shekarar 2000, yara sun yi layi suna buga ƙwallo; wuta ko janareto kawai take nema. Ƙannensu da ke zuba kuɗi a gem ɗin waya suna sayen 'yan wasa da riguna ba su da wannan tabbaci, kuma yawancinsu ba su sani ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta nuna tana da haƙori lokacin da ta ci tarar Meta, kamfanin Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 a Yuli 2024. Ba sai ta jira Turai ta gama muhawara ba. Tana iya farawa da ƙaramin abu: duk mai karɓar naira a kan gem ko manhaja ya rubuta ɓaro-ɓaro, kusa da farashin, ko ciniki ne ko haya, in kuma haya ce, zuwa wace shekara.