Ba da labarin fim daban, tarkensa daban

Duk malamin da ya taɓa sa ɗalibai su kalli fim su rubuto sharhi ya san abin da yawanci ke dawo masa: shafi biyu na labarin fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, sai layi ɗaya a ƙasa mai cewa fim ɗin ya faɗakar, ko kuwa jarumar ba ta kyauta ba. A ganina laifin ba na ɗaliban ba ne. Mun koya musu neman jigo da zubi kamar yadda ake yi wa littafi, amma ba mu koya musu kallon hoto ba, alhali shi fim da hoto da sauti yake magana tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki.

Abin da na ga ya fi aiki shi ne kada a fara da fim sukutum. A ɗauki fitowa guda ta minti biyu ko uku, a kashe sautin, a ce kowa ya buga yatsa a kan tebur duk lokacin da hoto ya yanke ya koma wani. Na ga ɗalibar da ta rantse cewa a ɗauka ɗaya aka yi wata fitowa ta miji da mata suna sa-in-sa, amma da ta ƙirga sai ta samu yanka fiye da ashirin, kuma ta lura da kanta cewa duk sanda mijin zai yi magana daga ƙasa kyamara ke kallonsa, ita kuwa matar daga sama, shi ya sa ya cika ido ita ta ƙanƙance. Ba wanda ya faɗa mata haka. Idonta ne ya gano.

Daga nan nake kawo musu gwajin wani mai shirya fina-finai mai suna Lev Kuleshov, wanda ya yi a Rasha wajajen 1920. Ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon abinci, sannan da gawa a cikin akwati, sannan da mace a kishingiɗe. Masu kallo suka yaba yadda ya nuna yunwa da baƙin ciki da sha'awa, alhali hoton fuskar ɗaya ne bai canja ba. Ɗalibin da ya gane wannan ya gane cewa mai tace hoto, wato mai yanka hotunan fim ya jera su, shi ma marubuci ne, kuma hawayen da ɗan kallo ya zubar wani ne ya shirya masa su, hoto ashirin da huɗu a kowace daƙiƙa.

Sai a maido da sautin, a saurari inda kiɗa ya shigo da inda aka yi tsit.

Akwai masu cewa irin wannan bin diddigi yana kashe daɗin kallo, kuma ban ƙi ba, a makonnin farko ɗalibi kan damu mutanen gida da surutu ana tsakiyar kallo. Amma ban yarda a bar hukunci ba hujja ba. Sharaɗina a aji ɗaya ne: ka so fim ko ka ƙi shi, wannan naka ne, har ma kana iya saɓa mini, amma idan ka rubuta cewa darakta ya gaza, sai ka faɗa mini a minti na nawa, mu mayar da fim ɗin baya mu kalla tare.