Furotin ɗin "ɗan'adam" da ba a jikin mutum aka ciro shi ba

Da yawa in sun ga an rubuta "furotin na ɗan'adam" a jikin 'yar kwalbar ɗakin bincike, sai su zaci daga jini ko naman wani aka tatso shi. Ba haka ba ne. Abin da aka ɗauko daga mutum shi ne rubutun ƙwayar halitta kawai, wato umarnin yadda za a ƙera furotin ɗin. Wannan umarni ake cusa wa bakteriyar E. coli ko ƙwayoyin jikin ƙwari, su yi ta ƙerawa, sannan a tace. Galibi akan liƙa masa jela mai histidin guda 6 (histidin ɗaya ne daga cikin tubalan da ake gina furotin da su), wadda ke manne wa ƙarfen nikel, sauran tarkace su wuce, shi ya tsaya.

Daga cikin irin waɗannan furotin, aikin masu taimakawa wajen yanka da ɗinka RNA yana burge ni ƙwarai. Saƙon RNA, wato kwafin umarnin da ke cikin ƙwayar halitta, yakan fito da gutsattsarin da ba a buƙata, dole a yanke su a ɗinke ragowar, kamar yadda tela ke yi da ƙyalle. Richard Roberts da Phillip Sharp ne suka gano cewa saƙon a yayyanke yake a 1977, suka sami kyautar Nobel a 1993. Na'urar da ke ɗinkin a cikin ƙwayar jiki tana da ƙananan RNA guda 5 da furotin fiye da 100, irin su SRSF1 da U2AF.

Abin da ke cikin kwalbar kuma ba magani ba ne, ba a sha, ba a allura da shi. Mai bincike yakan ɗiga kaɗan a bututun gwaji tare da RNA, ya ga inda furotin ɗin zai kama da inda za a yanke.